Fulas ɗin Sanyi Daga Kebbe

Ƙunshin ya iso mini ne a tsakiyar damina. Wani direban motar haya ya kira ni na same shi a tashar Tambuwal, ya miƙo mini ɗan kwali, ya ce wani dattijo ne ya ba shi a birni. Ban buɗe ba sai da na koma ɗakin malamai. A ciki akwai wani baƙin faifai mai faɗin murfin kwalbar lemo, an naɗe shi da auduga a cikin leda, sai ɗan maganaɗisu da bai fi ƙwayar masara ba, da takarda mai layi uku. Rubutun malamina ne na jami'a. Ya ce ya ajiye aiki, yana kwashe kayan ofis ya ga faifan a can bayan durowa, sai ya tuna da ni. Ya ce ya daɗe a ajiye, bai san ko har yanzu yana aiki ba. A layi na ƙarshe ya ce kada in bari danshi ya taɓa shi.

A lokacin shekarata shida ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a garinmu. Kafin nan na yi digiri na biyu a hannun wannan dattijo, kuma a kan irin wannan faifan na rubuta kundina tun daga bango har bango, da biro da na'urar lissafi kawai. Sashenmu ba shi da abin da zai sanyaya shi, don haka ko da an nuna mini shi a lokacin, baƙin dutse kawai zan gani.

Abin da ya sa masana suka damu da shi ba shi da wuyar faɗa. Kowace waya tana yi wa wutar lantarki tirjiya, shi ya sa take ɗaukar zafi, shi ya sa wani kaso na wutar yake salwanta a hanya. Akwai abubuwan da idan aka sanyaya su ƙwarai tirjiyar takan ɓace ɗungum, wuta ta yi ta zagawa a cikinsu ba ta raguwa. A wannan hali kuma suna ture ƙarfin maganaɗisu, har ƙaramin maganaɗisu ya tsaya a iska a kansu. A ƙarafa irin su dalma an daɗe da gano dalili: ƙwayoyin lantarki, waɗanda a al'ada gudun juna suke yi, sukan haɗu bibbiyu, kuma girgizar jikin ƙarfen ce take haɗa su. Sai dai hakan ba ya faruwa sai a sanyin da ya kusa iyakar sanyi duka. Faifan da ke hannuna dangin tangaran ne, toya shi aka yi kamar tukunya, kuma a cikinsa jan ƙarfe da oksijin ne a shimfiɗe hawa-hawa. Shi ba ya buƙatar sanyi mai tsanani kamar na waɗancan, shi ya sa masana suke cewa mai aiki a zafi ne, ko da yake zafin nasu digiri ɗari da tamanin ne ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A cikinsa ma ƙwayoyin suna haɗuwa bibbiyu. Abin da ke haɗa su ne har yau ba a tsayar da magana a kai ba.

Kuskuren da na yi shi ne, murna ta sa na shiga da faifan ajin ƙarshe a ranar, na ɗaga shi sama na ce musu wannan abu yana iya riƙe ƙarfe a iska ba igiya ba zare. Kafin a tashi maganar ta kai ofishin shugaban makaranta. Mutum ne mai kirki, mai son a ga makarantarsa ta yi fice, kuma taron iyaye da malamai saura kwana goma. Ya sa aka kira ni.

"Malam, na ji kana da abin nunawa. Ranar Alhamis ta sama za mu sa ka a gaba. Na ma gaya wa mutanen ofishin ilimi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban gwada shi ba tukuna. Kuma sanyin da shika so babu irinai a garin ga."

"Ga masu ƙanƙara a kasuwa, a ɗebo maka ko buhu ne."

Na yi masa bayani cewa ƙanƙara a wurin wannan faifan kamar garwashi take. Ya saurare ni yana gyaɗa kai, sannan ya ce ya san zan samo dabara. Washegari ya sanar a asambile.

Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Ruwa ake yi kusan kullum, bangon ɗakinmu ya jiƙe har gishiri ya narke a kwano. Na sa faifan a gwangwanin madara, na cika shi da busasshiyar shinkafa don ta tsotse danshi, na rufe. Sau uku ko huɗu a yini nakan buɗe in duba ko ya fara yin fari-fari, wanda shi ne alamar lalacewa, sannan in tuna cewa kowace buɗewa iska mai laima nake shigar masa. Matata ta ce in dai gwangwanin ne zai hana ni cin abinci, ita za ta ɓoye shi.

Abu ɗaya ne zai yi aikin, ruwan naitirojin, wato iskar da aka sanyaya har ta koma ruwa. Kuma mutum ɗaya na sani a duk yankin nan da yake da shi: ɗan kawuna, taubashina, ma'aikacin lafiyar dabbobi a Kebbe. Yana yi wa shanu allurar iri. Ana kawo masa irin manyan bijimai a daskare cikin 'yan siraran tsinkaye na roba, ya ajiye su a wani tulun ƙarfe da ke cike da wannan ruwan. Na kira shi.

"Taubashi, mi kaka so? Kai ba ka kiran mutum sai da buƙata."

"Sanyi nika so, likita."

Ya yi dariya, ya ce mu mutanen Tambuwal har sanyi sai mun roƙa. Amma da na yi masa bayani sai dariyar ta tsaya. Ya ce motar da take kawo masa ruwan daga birni tun makon jiya ya kamata ta zo, ba ta zo ba, kuma ba wanda ya iya gaya masa ranar zuwanta. Ruwan kullum raguwa yake yi ko ba a taɓa shi ba. Idan ya sauka ƙasa da tsinkayen, irin ya mutu, kuma gidaje da yawa ne suke jiran sa.

"Ban ce a'a ba," in ji shi. "Ka zo Laraba mu auna."

Ran Laraba da hantsi na isa Kebbe a kan babur, da fulas ɗin shayi na ƙarfe a jaka. Tulun yana wani ɗan ɗaki mai duhu a bayan ofishinsa, an ɗora shi kan katako, tsayinsa bai wuce gwiwata ba. Ya zare toshin, farin hayaƙi ya malalo ta gefe ya bi ƙasa. Ya zura wata baƙar sanda har gindi, ya ɗan jira, ya zaro ya kaɗa ta a iska. Farar raɓa ta daskare a jikin sandar daidai inda ruwan ya kai. Ya aza yatsunsa a kai yana aunawa.

"Nan tsinkayen suka tsaya. Nan kuma ruwan. Yatsa fuɗu ke tsakani. Fulas ɗinka zai ci ɗaya da rabi."

"Sauran zai kai kwana nawa?"

"In ba a yawan buɗewa, mako guda da 'yan kwanaki. In ban ba ka ba, kusan mako biyu."

Na ce to a bar shi kawai. Da gaske nake, don gara in sha kunya gaban iyaye da in kashe wa mutane abin da suke jira. Sai ya ce yawancin tsinkayen na wani gida ne a Fakku, kuma yanzu ma can za shi, saniyarsu guda tana neman bijimi. Ya ce in zo mu je, mai shanun ya ji da kunnensa.

Mai gidan dattijo ne dogo, gonarsa ta dawa tana bayan gida, garken kuma yana gefenta. Tun kakanninsa suke nan suna noma suna kiwo. Na tsaya a gefe har taubashi ya gama aikinsa, ya wanke hannu, aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar ɗorawa, aka kawo fura. Taubashi ne ya buɗe maganar, bai rage komai ba, har da lissafin yatsun.

Dattijon ya juyo gare ni. "Malam, wanga abu da kaka son nuna ma yara, magani na?"

"A'a, Baba."

"Shina ba da wuta?"

"Shi kanshi ba ya ba da wuta. Amma da za a gane sirrinai, a samu irinai mai aiki ba sai da sanyi ba, da wutar da aka aiko daga nesa ta iso garinku ba ta rage ba."

"To mi ya hana a gane?"

Na ce masana a ƙasashe da yawa sun fi shekara talatin suna kai, kowane ɓangare da nasa zato. Ya juya ya kalli garken. Shanu biyar ne nasa suke jiran allurar, ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ya fi daɗewa a kan wata ja mai karyayyen ƙaho, wadda ya ce ta fi kowace nono amma shekara biyu ba ta haihu ba.

"Jikata tana makarantarku," in ji shi. "Can wurin gwaggonta taka zama. In ta zo hutu ba ta da zance sai na boko, ni kuwa ban taɓa ganin abin da suka gani da ido ba, kullum an ce an ce. Likita, ɗebar mishi. Mota ta Allah ce."

Na so ya hana. Da ya hana, da na koma gida da hujja mai kyau. Yanzu ya ɗora mini abin a ka, kuma ban ma san ko faifan yana da rai ba.

Ruwan ba zai kwana a fulas ɗin shayi ba, don haka na kwana gidan kawu, muka ɗiba da safe bayan an yi sallah. Taubashi ya sa safar hannu ta fata, ya karkata tulun a hankali. Da farko duk abin da ya zuba tafasa yake yi ya tashi, sai da cikin fulas ɗin ya yi sanyi sannan ya fara zama. Ina tsaye ina kallon hayaƙin da ke bin ƙasa, ina lissafin cewa wannan ma daga cikin yatsun ne. Ya jefa murfin fulas ɗin cikin jakata, ya toshe bakin da auduga sakwa-sakwa.

"Kada ka kuskura ka ɗaure murfin," ya ce. "In iskar ta rasa hanyar fita, fashewa zai yi a cinyarka."

Ya ce shi zai tuƙa, ni in riƙe. An yi ruwa kafin gari ya waye, hanya duk taɓo. Na zauna a baya na rungume fulas ɗin cikin tsumma, a tsaye, nesa da fuskata. Kowane rami muka faɗa sai in ji ruwan ya motsa ya yi shuu, hayaƙi ya ƙaru ta cikin audugar. Na yi ta ce masa ya bi a hankali, in kuma ce ya yi sauri, har ya ce in zaɓi ɗaya.

Mun yi nisa da Kebbe, a wani wuri da daji ya matso bakin hanya, muka tarar an gindaya itace. 'Yan sintiri ne, su shida, da bindigogin toka. A shekarun nan ba wanda zai ga laifinsu, mutanen ƙauyukan sun ga abin da suka gani. Sai dai ba 'yan garin da aka san taubashi ba ne. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya ɗaga hannu, idonsa kan abin da ke hayaƙi a hannuna.

"Ku sauko. Mi ke cikin nan?"

Taubashi ya nuna katin aikinsa, ya ce ruwan ajiye irin shanu ne. Mutumin ya duba katin ya mayar.

"Ruwa ba ya hayaƙi in ba wuta. Zuba shi ƙasa mu gani."

Na ce, "Yallaɓai, in na zuba shi ya tafi ke nan. Yara ɗari biyu ke jiranai a makaranta."

Biyu daga cikinsu sun ja da baya, ɗaya ya sauke bindigarsa daga kafaɗa. Babban ya matso, ya fizge audugar, ya leƙa, sannan ya miƙa yatsa zai tsoma. Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba. Na ji taubashi yana cewa a hankali, "Sake shi, malam," amma hannuna ya ƙi buɗewa.

Na ce, "Ka gafarce ni. In ka sa yatsan ga ciki, ƙonewa zai yi kamar ka sa shi a tafasasshen mai. Bari in nuna maka da ganye."

Ya zare hannunsa. Na tsinko reshen tafasa a bakin hanya, na tsoma, ruwan ya tafasa ya lafa. Na zaro shi fari fat, na ba shi na ce ya murza. Ganyen ya ruguje a tafinsa kamar ɓawon ƙwai. Ya daɗe yana kallon garin ganyen. Sai ya kira sauran, kowa ya ce sai ya gani da nasa ganyen. Sau huɗu na tsoma, kuma kowace tsomawa ina ji a jikina yadda fulas ɗin yake ƙara sauƙi. Daga ƙarshe suka janye itacen. Babban ya ce mini, ba da faɗa ba, nan gaba kada in sake kama hannun mai bindiga. Na ce ya yi gaskiya. Muka hau babur muka wuce.

Mun iso ana tsakiyar jawabai. An jera kujeru a babban ɗakin taro, iyaye a gaba, ɗalibai a baya har bakin tagogi. Na leƙa fulas ɗin, abin da ya rage bai kai rabi ba. Na aika wa shugaban makaranta takarda cewa in ba a kira ni yanzu ba babu abin da zan nuna. Ya katse mai magana, ya ce ga malamin kimiyya.

Na ajiye farin kwanon soso irin na sayar da shinkafa a kan tebur. Na buɗe gwangwanin madara, na zaro faifan daga cikin shinkafar, wasu suka yi dariya. Na sa shi a kwanon, na ɗora maganaɗisun a kai don kowa ya ga yana zaune daram, na ɗauke, sannan na zuba ruwan. Ya tafasa da ƙarfi, hayaƙi ya rufe teburin ya zubo ƙasa, 'yan gaba suka janye ƙafafunsu. Na jira har ya lafa. Na ɗauki maganaɗisun da tsinke biyu na kara, na sake shi a kan faifan.

Ya zauna a kai kamar da.

Ban ɗago kaina ba. Ina jin tarin wani dattijo, da kukan jariri a can baya. Taubashi yana tsaye a gefena, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ƙara mishi. Cikinai bai yi sanyi ba." Na ɗauke maganaɗisun, na ƙara ruwa har ya rufe faifan, na ƙirga sittin a zuciyata, na sake ƙirga wata sittin. Na mayar da shi.

Wannan karon bai kai ƙasa ba. Ya tsaya, ya ɗan karkata gefe, yana lilo kaɗan. Tsakaninsa da faifan bai fi kaurin tsinken ashana ba. A littattafai da hotuna yakan tashi kamar faɗin yatsa, amma wannan faifan ya tsufa, iyakar ƙarfinsa ke nan. Na sunkuya har haɓata ta taɓa tebur, na ga haske ta ƙarƙashinsa. Na yagi siririyar takarda na zura ta tsakani, ta shige ta fita ta ɗaya gefen ba ta taɓa komai ba. Na taɓa shi da tsinken, ya kama juyawa a wuri ɗaya, ya yi ta juyawa.

Matsalar ita ce ba mai gani sai wanda ya sunkuya kamar yadda na yi. Daga kujeru, baƙin abu ne kawai a cikin kwanon soso. Na ce ɗalibai su zo huɗu-huɗu. Suka yi layi, kowa ya durƙusa ya leƙa, wasu su zura takardar da kansu, ni kuwa ina ɗiga sauran ruwan kaɗan-kaɗan. Ba a kai rabin layin ba fulas ɗin ya ƙare. Waɗanda ke gaban tebur a lokacin suka ga maganaɗisun yana sauka a hankali har ya kwanta. Jami'in ofishin ilimi, wanda ya ce a bar yara su fara, ya iso bayan nan. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Shugaban makaranta ya kawar da kai.

Wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, wadda ta samu gani, ta ɗaga hannu. Daga baya na gane ita ce jikar dattijon Fakku.

"Malam, mi ya riƙe shi?"

Na ce wuta ce take zagawa a fatar faifan tana ture shi, kuma tun da ba tirjiya, wutar ba ta mutuwa.

"Mi ya hana tirjiyar?"

Na ce ƙwayoyin lantarki ne suka haɗu bibbiyu, suna tafiya tare kamar jiki ɗaya, ba abin da ke tare su.

"To mi ya haɗa su? Kai ka ce muna gudun juna sukai."

Iyaye suka zuba mini ido. Na ce, "Ba a sani ba tukuna." Na ji gunaguni ya tashi daga gaba, wani ya ce in malami bai sani ba wa zai sani. Na ci gaba duk da haka. Na ce kowace ƙwayar jan ƙarfe a cikin faifan kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu take, wannan ta kalli sama maƙwabciyarta ta kalli ƙasa, kuma masana da yawa suna zaton kaɗawar waɗannan ce take haɗa ƙwayoyin, wasu kuma ba su yarda ba. Na ce wani abin mamakin shi ne, idan aka rage masa oksijin kaɗan, wannan faifan ko wuta ba ya bari ta wuce.

"Su wa ke neman amsar?" ta ce.

"Mutane da yawa, a ƙasashe da yawa."

"Kai fa, malam?"

Shugaban makaranta ya karɓi lasifika ya ce a yi wa malam tafi, aka yi tafin sama-sama, aka koma maganar kujerun aji.

Da na juyo, faifan ya yi fari da raɓa, ruwa yana tsattsafowa a jikinsa. Na goge shi da gefen rigata, taubashi ya ɗora shi kan murfin injin babur da ke da sauran ɗumi har ya bushe. A nan na ga siririn tsagu ya ratsa shi daga gefe zuwa tsakiya. Na mayar da shi cikin shinkafar. Taubashi ya ce shi dai ya gani, kuma ya isa a ba da labari, sannan ya hau babur ya koma.

Motar ba ta zo a ƙarshen makon ba. Kowace safiya kafin in shiga aji nakan kira shi, shi kuma ya gaya mini abin da sandar ta nuna. Yatsa biyu. Ɗaya da rabi. Daga baya ya ce ya daina aunawa kullum, don buɗewar ma ci take yi. Na nemi lambar wani asibiti a birni da aka ce suna da ruwan, aka ce nasu ma jira suke. Na rubuta darasi a allo na tsaya ina kallonsa, sai da ɗalibai suka ce mini wannan mun yi shi jiya. Ran kwana na tara ya kira ni da kansa, abin da bai saba ba.

"Mota ta zo."

"Ruwan fa? Ina ya tsaya?"

"Daidai kan tsinkayen. Na saman wataƙila sun sha iska kaɗan. Ban iya ce maka e ko a'a."

A makonnin da suka biyo baya ya yi wa sauran shanun dattijon allura, kowace idan lokacinta ya yi. Sai da kaka ta shigo aka tabbatar. Uku sun ɗauka. Biyu ba su ɗauka ba, har da jar mai karyayyen ƙaho. Taubashi ya ce haka aikin yake ko da tulun a cike yake maƙil, ba kowace ke ɗauka ba, kuma jar dama tana da matsala. Na tambaye shi ko daga tsinkayen sama ya yi mata. Ya ce bai lura ba, kuma na san ko ya lura ba zai faɗa mini ba.

Ranar da zai sake yi mata na bi shi Fakku. An fara yankan dawa, mutanen gidan duk suna gona. Dattijon ne kaɗai a wurin garken. Bayan gaisuwa na ce masa na zo ne in ba shi haƙuri, don mai yiwuwa ruwan da na ɗiba ne ya jawo. Ya saurare ni har na gama.

"Mai yiwuwa," ya ce. "Ni na ce a ba ka."

Ya ce jikarsa ta kwatanta masa abin, amma bai gane tsayin tashin ba, wai wani lokaci ta ce ya tashi sosai, wani lokaci ta ce kaɗan ne. Na tsinko karan ciyawa na riƙe shi tsakanin yatsuna biyu, na ce kamar haka. Ya karɓi karan, ya ɗaga shi saitin rana, ya ƙanƙance ido yana dubawa.

Taubashi ya kira daga wajen turke, ya ce saniyar ta ƙi tsayuwa, kuma ba kowa a gidan, sai ɗayanmu ya riƙe mata kai. Dattijon ya ce kafaɗarsa ba ta da ƙarfi yanzu. Na tuɓe takalmina, na naɗe hannun riga, ya nuna mini inda zan kama igiyar da yadda zan sa yatsu a hancinta. Ta fizge ni sau biyu, a na biyun na faɗi zaune cikin kashin shanu. A na uku ta tsaya.